Babi Na Huɗu: Gidan Jinka Na Ƙauyen Alfriston

A shekarar 1896 wata ƙungiya da ba ta daɗe da kafuwa ba ta sayi wani gida a kudancin Ingila a kan fam 10. Ko a wancan zamani kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma wanda ya ga gidan a lokacin ba zai ce ƙungiyar ta yi tsintuwa ba. Jinkarsa ta ruɓe, ruwan sama yana sauka har tsakar ɗaki, kuma masu shi, wato hukumomin coci, sun daɗe da yanke shawarar rushe shi. Ƙungiyar ita ce National Trust, wadda a yau take riƙe da ɗaruruwan gidajen tarihi da lambuna da gaɓar teku mai tsawon fiye da mil 700. A cikin duk wannan dukiya, ginin da ta fara mallaka shi ne wannan ɗan gida na itace da yaɓe da ciyawa, wanda ake kira Gidan Limaman Coci na Alfriston.

Shekarunsa sun haura 600. Gine-ginen dutse da yawa da aka ɗora bayansa sun zama kufai, shi kuwa yana nan tsaye da ƙafafunsa, alhali yawancin abin da ke jikinsa yana iya ruɓewa ko cin wuta. Abin da ya riƙe shi yana cikin yadda aka harhaɗa shi tun farko, da kuma irin hannun da ya taɓa shi sa'ad da ya kusa faɗuwa.

Ƙauyen da ƙasarsa

Alfriston yana gundumar Sussex ta Gabas, a kwarin kogin Cuckmere, tafiyar 'yan mil kaɗan daga tekun da ya raba Ingila da Faransa. Tsohon gari ne ƙwarai, don sunansa ya fito a babban kundin ƙidayar filaye da Sarki William ya sa aka yi a 1086. Mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba. Titi guda ne ya ratsa shi, da tsofaffin masaukai a gefe da gefe, sai wani fili mai ciyawa da mutanen gari suke kira Tye. A bakin filin nan, kan wani ɗan tudu, cocin Saint Andrew yake, wanda aka gina wajen 1360. Gidan da muke magana a kansa yana gefen cocin, bayansa kuma kogi ne da fadama.

Wanda ya san ƙasar wurin ya san rabin labarin gidan. Tuddan da suka kewaye Alfriston na alli ne, fari fat idan aka kankare ciyawa, kuma a cikin allin ake tono dutsen ƙyastu, baƙi mai tauri, wanda da shi aka gina cocin. Arewa da tuddan akwai wani yanki mai ƙasar yumɓu da ake kira Weald, inda a da daji ne mai duhu cike da itacen ok, wani babban itace mai nauyi da ƙarko wanda Ingilishi suka yi jiragen ruwansu da shi. Alli daga tudu, itace daga daji, yumɓu daga kwari, ciyawa daga gona: maginin Alfriston bai nemi komai daga nesa ba, domin a zamanin da kaya ke tafiya a keken shanu kan hanyar taɓo, kuɗin dako yakan fi kuɗin kayan.

Lokacin ginin ma yana da nasa bayani. A 1348 da 1349 wata annoba da ake kira Baƙar Mutuwa ta ratsa Ingila, ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabin jama'ar ƙasar. Waɗanda suka tsira sun tarar da gonaki a yalwace, ma'aikata kuma sun yi ƙaranci, sai lada ya tashi. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya aka samu manoma masu abin hannunsu, waɗanda ba sarakai ba ne amma sun fi ƙarfin bukka. Su ne suka yayata wani salon gida da ya cika Kent da Sussex, har aka laƙaba masa sunan yankin, ana cewa gidan Weald. Na Alfriston ɗaya ne daga cikinsu, an gina shi wajen shekarar 1400. Masana suna gane irin wannan lokaci ta hanyar zoben da ke cikin itace: kowace shekara bishiya tana ƙara zobe ɗaya, mai kauri a shekarar albarka, siriri a shekarar wahala, kuma idan aka gwada jerin zoben katako da na wasu itatuwan da aka san shekarunsu, sai a gano lokacin da aka sare shi.

Gidan da aka fara ginawa a ƙasa

Kafinta ne maginin irin wannan gida, kuma aikinsa yakan fara tun a daji. Ɗanyen itace yake so, domin ok idan ya bushe sai ya yi taurin da zai dakushe gatari. Ana sare shi, a fafe shi da gatari da gizago, a tsaga da zarto, a yi aiki da shi tun da sauran ruwa a jikinsa.

Daga nan sai a shimfiɗa kowane bango a ƙasa, a filin kafinta, a auna, a yanka, a gwada. Inda katako biyu za su haɗu, sai a fafe rami a jikin ɗaya, a sassaƙa harshe a bakin ɗayan, a zura harshen cikin ramin. Ba a sa ƙusar ƙarfe a nan. Ƙarfe yana da tsada a lokacin, sannan ruwan da ke cikin ok yana cin sa da tsatsa. Abin da ake bugawa shi ne ƙusar itace, wato fegi, kaurinta kamar babban yatsa. A nan ne gwanintar take: ramin ƙusar da ake hudawa a jikin harshe ba ya daidaita sak da na katakon waje, ana ɗan karkatar da shi da gangan. Idan aka buga ƙusar da guduma, sai ta lanƙwasa kaɗan tana neman hanya, ta jawo katakon biyu su manne gam. Wannan 'yar dabara ce ta sa mahaɗin da aka buga tun kafin Turawa su san hanyar Amurka har yau bai saki ba.

Idan bango ya haɗu a ƙasa, kafinta yakan yi wa kowace mahaɗa lamba da bakin ƙarfe, sannan a wargaza, a loda a keke, a kai inda za a kafa gidan. A can maƙwabta da 'yan ƙwadago za su taru da igiya da gwafanni, a bi lambobin, a tayar da ƙashin gida cikin 'yan kwanaki. Har yau ana ganin irin waɗannan lambobi a jikin katakon tsofaffin gidaje. Kuma tun da fegi ne ya haɗa shi, fegi na iya kwance shi. A ƙarshen shekarun 1960, da za a yi madatsar ruwa ta Bough Beech a Kent, an kwance wani gidan Weald mai suna Bayleaf katako bayan katako, aka kai shi gidan adana tsofaffin gine-gine na Weald and Downland da ke Singleton, aka sake tayar da shi. Yana can yanzu mutane suna shiga suna fita.

Babban maƙiyin itace shi ne danshi, don haka ba a bari ginshiƙi ya taɓa ƙasa. Akan yi ɗan gajeren tushe na dutse, a kwantar da wani dogon katako a kansa, sannan ginshiƙai su tsaya a kan katakon. Idan wannan katako na ƙasa ya ruɓe, ana iya tokare gidan, a zare shi, a sa sabo.

Fuskar gidan

Gidan Weald ba ya ɓuya ga wanda ya taɓa ganinsa sau ɗaya. Kashi uku ne a jere ƙarƙashin rufi guda. Kashin tsakiya zaure ne mai tsawo tun daga ƙasa har rufi, babu bene a kansa. Na dama da na hagu kuwa kowanne hawa biyu ne, kuma benensu yana turo ƙirji waje, ya zarce bangon ƙasa da kusan rabin mita. Saboda haka idan mutum ya tsaya a gaba, sai ya ga gefe biyu sun fito, tsakiya ta shige ciki.

Wannan fitowa ta bene tana da amfani fiye da ɗaya. Tana ƙara faɗin ɗakin sama, tana kare bangon ƙasa daga ruwan sama, kuma nauyin bangon da ke zaune a bakin katakon bene yana hana tsakiyarsu lotsawa. Ban da wannan akwai nuna isa, domin aiki ne mai cin itace da lokaci, kuma mai wucewa ya san haka.

Sai dai tsarin ya haifar wa kafinta da matsala. Bakin rufi layi ɗaya ne miƙaƙƙe daga wannan ƙarshe zuwa wancan, to me zai riƙe shi a tsakiya, inda bango ya ja da baya? Maganin da suka samo shi ne wani dogon katako da ke tsallaka gurbin a sama, kamar gada, tare da wasu katakai biyu masu lanƙwasa da suka taso daga gefen benaye suka tokare shi. Waɗannan lanƙwasassun katakai, da inuwar da ke ƙarƙashinsu, su ne tambarin gidan Weald. A Alfriston an sake gina ɗaya daga cikin ɓangarorin gefe daga baya, shi ya sa hagu da dama ba su zama tagwaye ba, amma tsakiyar tana nan da siffarta ta asali.

Zauren hayaƙi

Ƙofar gida ba ta buɗewa a tsakiyar zaure. Tana can gefe ɗaya, da wata ƙofar a bango na baya daidai da ita, hanya ta ratsa tsakaninsu. Wannan hanya ita ce iyakar da ta raba gidan gida biyu. A ɗaya hannun ɗakunan ajiya ne, inda ake tara burodi da abin sha da kwanuka, nan ne ɓangaren barori. A can ɗaya ƙarshen zauren kuma mai gida yake zama a kan dogon benci, bayansa da bango, teburi a gabansa, ɗakinsa na kwana kuma yana bayan wannan bango. Ko ba a faɗa wa baƙo ba, da ya shigo ya san inda girma yake, domin katakon da ke saman mazaunin mai gida ya sha sassaƙa.

Murhu a tsakiyar ɗaki yake, a ƙasa, babu bututun hayaƙi. Hayaƙin yakan tashi ya taru a ƙarƙashin rufi, ya sulale ta 'yan kafofin da aka bari a can ƙololuwa ko ta cikin ciyawar kanta. Dalilin tsawon zauren ke nan: sai rufi ya yi nisa mutanen da ke zaune a ƙasa suke samun iskar shaƙa. Tagogi ba su da gilashi, sandunan itace ne a tsaye da murfin katako da ake ja idan sanyi ya tsananta. Shekara da shekaru hayaƙi yana shafa wa katakon rufi kunkunniya, kuma wannan baƙi ya zama shaida ga masu bincike. Idan suka hau rufin wani gida da aka yi wa kwaskwarima har ba a gane shi, suka tarar da katako baƙi ƙirin, sun san a da can zaure ne mai murhu a tsakiya.

Wanda ya ɗaga kai a zauren Alfriston zai ga abin da kafintan ya fi alfahari da shi. Wani ƙaton katako ya tsallaka ɗakin daga bango zuwa bango, yana ɗaure su don kada nauyin rufi ya tura su waje. A tsakiyarsa wani gajeren ginshiƙi ya tsaya, ya yi rassa, yana ɗauke da wani katakon da ya bi tsawon rufin yana hana sandunan rufi kwantawa gefe guda. Turawa suna kiransa ginshiƙin kambi. Aikin ƙarfi yake yi, amma da yake yana inda kowa zai gan shi, akan gyara shi da kyau. A wata kusurwa ta zauren kuma akwai ɗan ganyen ok da aka sassaƙa a jikin katako. Ganyen ok ne tambarin National Trust tun 1936, kuma mutane da yawa suna danganta tambarin da wannan sassaƙa.

Zamanin irin wannan zaure ya wuce a ƙarni na 16. Bulo ya yi araha, aka fara gina murhu a jikin bango da bututu mai fitar da hayaƙi sama, kuma da zarar hayaƙi ya samu hanyarsa, sai aka ga sararin da ke saman zaure asara ne, aka shimfiɗa bene a ciki. Wani limamin coci mai suna William Harrison, a bayanin Ingila da ya wallafa a 1577, ya kawo yadda tsofaffin ƙauyensu suke mamakin yawan bututun hayaƙi da suka tsiro a zamaninsu, har ya ce mutanen da suna ganin hayaƙi yana ƙara wa katako ƙarfi, yana kuma kore mura. Yawancin gidajen Weald da suka rage an raba zaurensu hawa biyu, shi ya sa wanda yake a buɗe har rufi kamar na Alfriston yake da daraja.

Yaɓe, jinka da daɓe

Katako ƙashi ne kawai, sai an cike tsakaninsa. A kowane gurbi akan kafa sanduna a tsaye, a saƙa tsumagu a tsakaninsu kamar ana saƙa kwando, sannan a kwaɓa yumɓu da tattaka da kashin shanu, a yaɓa ciki da waje. Idan ya sha iska sai a shafe shi da farar ƙasa. Bango ne marar nauyi, kuma idan katako ya motsa, shi ma yakan bi shi. In ya tsage, guga ɗaya na kwaɓi ya isa.

Jinkar ita ce abin da ido ke fara kamawa: kauri gare ta, ga gangara sosai, kuma ta sauko ta dukkan fuskoki huɗu ta zarce bango. Gangarar ce sirrinta. Ciyawa ba ta hana ruwa shiga don ta toshe, sai don ɗigon ruwa yana gangarowa daga kara zuwa kara da sauri har ya faɗi ƙasa kafin ya nutse, shi ya sa ake son rufin ya kai aƙalla digiri 45. Mai baibaya yana farawa daga ƙasa, yana jera dami a kan dami, yana danne su da tsumagu da ƙusoshin itace masu baki biyu. Ƙololuwa ce ke fara lalacewa, akan sabunta ta duk bayan shekara goma zuwa goma sha biyar, sauran jikin kuwa yakan yi shekaru masu yawa kafin a taɓa shi. Haɗarinta wuta ne. Tun a 1212, bayan wata babbar gobara, aka hana sabon rufin ciyawa a birnin Landan, sai ya zama kayan ƙauye.

Ƙasan zauren kuwa yana da labarin da masu ziyara ba sa mantawa. Da alli aka yi shi da nono mai tsami, bisa wata tsohuwar dabara ta mutanen Sussex. Ana farfasa alli, a baza, a yi ta kirɓa shi har ya kwanta, sannan a kwarara masa nonon. Wani sinadari da ke cikin nonon shi ne ke kama garin allin, ya bushe ya yi tauri. Duk wanda ya taɓa ganin mata sun taru suna daɓe a ƙasar Hausa, suna bugun tsakuwa da maɗabi suna yayyafa ruwan makuba, ya san wannan aiki, bambancin kawai abin da ƙasar kowa ta ba shi.

Yadda ya kusa tafiya

Gidan ya daɗe a hannun coci, daga nan ya samo sunansa. A farko limaman ba sa aure, ɗan gida kamar wannan ya ishe su. Bayan Ingila ta ɓalle daga cocin Rum a ƙarni na 16 aka halatta musu aure, iyali suka ƙaru, a hankali suka koma gidaje masu faɗi. Aka bar tsohon ga 'yan haya, aka karkasa shi don ma'aikatan gona. Mai haya ba ya gyara abin da ba nasa ba, mai gida kuma ba ya zuba kuɗi inda haya ba ta da yawa. A shekarun 1880 hukumomin coci suka amince a rushe shi, sai dai akwai wata tsohuwa a ciki da ta roƙi a bar ta ta ƙarasa kwanakinta a ɗakinta, aka kuwa ɗaga mata ƙafa. Wannan jinkiri ne ya ba gidan numfashi.

A 1889 aka kawo sabon limami, F. W. Beynon. Ya dubi abin da kowa ke kira kango, ya ga aikin kafintocin ƙarni biyar da suka wuce, ya shiga neman mai ceto. Doka ba ta tare da shi. Dokar kare kayan tarihi ta 1882 ta tsaya ne a kan 'yan wurare ƙalilan, galibinsu duwatsu da kaburburan mutanen farko, ba ruwanta da gidan ƙauye. Sai ya nufi Ƙungiyar Kare Tsofaffin Gine-gine, wadda William Morris da abokansa suka kafa a 1877. Ita ba ta sayen gida, amma ta san waɗanda suke shirin yin haka. A 1895 Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley suka kafa National Trust, shekara na zagayowa aka yi ciniki.

Sayen ne mai sauƙi. Kuɗin gyara sai da aka yi ta neman taimakon jama'a, aka haɗa da kyar da jiɓin goshi. Wanda aka damƙa wa aikin shi ne Alfred Powell, wani matashin mai zanen gini da ya tashi a kan koyarwar Morris. Koyarwar nan ta fito ne daga ɓacin rai. A zamanin Sarauniya Victoria an yi wa ɗaruruwan tsofaffin coci-coci abin da ake kira mayarwa kamar da, wato a kankare bango, a fitar da duk abin da ya tsufa, a sa sabon da aka ƙera bisa hasashen yadda ginin yake a farko. Morris ya ce wannan jabu ne. A ganinsa, a tokare abin da ya karkata, a toshe inda ke yoyo, a canza abin da ya mutu kawai, a bar tsufa ya nuna kansa.

Irin ginin Alfriston kuwa kamar don wannan koyarwa aka yi shi. Idan gindin ginshiƙi ya ruɓe, ba sai an jefar da shi duka ba: a yanke ruɓaɓɓen, a sassaƙa sabon guntu, a haɗa su baki da baki, a buga fegi. Gurbin yaɓe ɗaya na iya faɗuwa ba tare da na kusa da shi ya sani ba. Jinka kuma dama an yi ta ne don a riƙa sabunta ta. Gidan ya rayu ne domin kowane sashe nasa yana iya mutuwa shi kaɗai, a maye gurbinsa, sauran suna tsaye. Lambun da ke kewaye da shi ya zo daga baya, yawancinsa aikin Sir Robert Witt ne, masanin zane-zane da ya yi haya a gidan, wanda ya tsara shi a shekarun 1920.

Shiga rajista

Doka ta biyo sawu a makare. A 1907 majalisar dokoki ta ba National Trust ikon ayyana kadarorinta a matsayin waɗanda ba a sayarwa, ba a jinginarwa. Rajistar gine-ginen tarihi ta ƙasa baki ɗaya kuwa sai da bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka ci birane kafin a farga da ita. Dokokin tsara birane na 1944 da 1947 ne suka kafa ta, aka tura masana gari-gari suna rubuta abin da ya cancanci a kare.

A yau rajistar Ingila, wadda hukumar Historic England take kula da ita, tana da shigarwa kusan 400,000. Mataki uku ne. Fiye da kashi 90 cikin ɗari suna mataki na biyu. Mataki na ɗaya, na gine-ginen da ba su da tamka, bai kai kashi 3 ba. A tsakaninsu akwai mataki na biyu mai tauraro, kusan kashi 6 cikin ɗari, kuma nan gidan Alfriston yake. Ƙa'idar ita ce duk ginin da ya riga shekarar 1700, matuƙar bai rasa kamanninsa ba, ya cancanci shiga.

Shiga rajista ba ya ƙwace gida daga hannun mai shi, kuma yawancin waɗannan gidaje mutane ne ke kwana a cikinsu. Abin da yake jawowa shi ne neman izini. A ƙarƙashin dokar 1990, mai gida ba zai rushe ba, ba zai canza taga ko ya fasa bango ko ya sauya jinka da wani rufin ba, ciki da waje, sai hukumar tsara gari ta yarda. Wanda ya yi gaban kansa ya aikata laifi, hukuncinsa na iya kaiwa tara marar iyaka ko ɗaurin shekara biyu. Masu gidaje suna kuka da tsada da jan lokaci, kuma kukansu yana da tushe, domin farar ƙasa da itacen ok da ladan gwani sun fi siminti da roba kuɗi nesa ba kusa ba.

Amma an ga abin da araha ta haifar. A ƙarni na 20 an shafe gidajen katako da yawa da siminti da fenti mai toshe iska, da niyyar kare su. Siminti ba ya motsi tare da itace, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, katako ya yi ta ruɓewa a ɓoye har sai an wayi gari ginshiƙi ya zama gari. Farar ƙasa da yumɓu kuwa suna shan ruwa, suna kuma sakinsa idan rana ta fito. Darasin ya yi tsada, kuma shi ya sa masu gyaran tsofaffin gidaje a yau suka koma kan kayan da kafintan 1400 ya sani.

Takardar rajista tana hana gatari da katafila, amma ba ta hawa tsani. Gidan Alfriston yana bakin kogin da yakan cika ya malala, rufinsa ciyawa ne, bangonsa ƙasa, don haka kullum yana bukatar mai baibaya da kafinta da mai yaɓe da suka iya aikin yadda aka yi shi tun farko. Ƙungiyar da Morris ya kafa ta gane haka tun da wuri: tun 1930 take ɗaukar matasan masu zanen gini tana zagayawa da su wuraren gyara don su koya da hannunsu, kuma a shekarun 1980 ta buɗe irin wannan horo ga masu sana'ar hannu, har yau kuma ba ta daina ba.